Tafiyata Edinbara: yadda Cocin Sikotland ya yi shekara 13 yana muhawara kan fastoci da auren jinsi

Daga Jos na tashi da asuba a tsakiyar watan Mayun 2025, cikin motar haya ta Abuja. Mun gangara Hawan Kibo gari bai gama wayewa ba, direba na ta kaffa-kaffa da tireloli, muka bi ta Akwanga da Keffi. Shingayen bincike suna nan yadda aka san su, na sojoji da na 'yan sanda da na jami'an kiyaye haɗurra, amma ba su ne masu cin lokaci ba. Cunkoson Mararaba da Nyanya shi ne abin tsoro, ga filin jirgin Nnamdi Azikiwe yana can ɗaya gefen birnin ta hanyar Lugbe. Duk mai jirgin safe ya kwana a Abuja, kada ya ce zai taso daga Filato a ranar.

Bizar baƙi ta Birtaniya ta wata shida ce, kuɗinta a lokacin fam 127 ne, farashin da aka sa a Afrilun 2025. Ana cike takardu a intanet, a je a ɗauki zanen yatsu da hoto, a jira kamar mako uku. Abin da ya fi jawo a hana mutum shi ne a ga kuɗi mai yawa ya faɗo asusunsa kwatsam ba tare da bayanin inda ya fito ba, ko kuma a rasa abin da zai nuna cewa yana da aiki ko iyalin da za su dawo da shi gida. Babu jirgin da ke zuwa Edinbara kai tsaye daga Najeriya. Na bi ta Landan, tafiyar awa shida da wani abu, kuma a nan Heathrow ake wucewa gaban jami'an shige da fice kafin a hau jirgin cikin gida. Tambayoyinsu ba su da yawa: me ya kawo ka, ina za ka sauka, yaushe za ka koma. Kilishi da dambun nama da man shanu duk an hana shiga da su, don haka a bar su a gida. Yaji dai ba ruwansu da shi.

Abin da ya kai ni shi ne Babban Taron Cocin Sikotland, wanda ake yi kowane watan Mayu. A 2022 labari ya iso mana a layi ɗaya, cewa wani cocin Turawa ya halatta auren jinsi, kowa ya yi tsaki ya wuce. Amma wannan coci ba baƙo ba ne ga Najeriya. 'Yan Firesbiteriyan na Sikotland ne suka aiko mai bishara Hope Waddell, ya sauka Kalaba a 1846, daga cikinsu ne mai bishara Mary Slessor ta fito, kuma reshen da ya aiko su ya haɗe da wannan coci daga baya. Cocin Firesbiteriyan na Najeriya daga wannan tushe ya tsiro. Ya kamata a san yadda aka yi aka kai ga wannan hukunci, mataki bayan mataki.

Daga filin jirgin Edinbara akwai taragon lantarki da bas mai lamba 100, kowannensu bai kai fam 10 ba zuwa tsakiyar gari. Direban bas na cikin gari ba ya ba da canji, kati ake taɓawa a na'ura. Otal a tsakiyar birnin a wannan wata da wuya a samu ƙasa da fam 100 a kwana, sai na kama ɗaki a unguwar Leith, a gidan wata tsohuwa wadda ashe dattijiyar ikkilisiya ce a cocinsu. Sanyin Mayu a can ya fi na Jos a tsakiyar hunturu idan iska ta taso daga teku, ga rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, kafin biyar na asuba kuma gari ya waye tangaran. Karin kumallo kunun hatsin oats ne mai kauri, wasu da gishiri suke sha. Mai neman abinci mai yaji kuma mai sauƙin kuɗi ya nufi wajen babban masallacin birnin da ke Potterrow, akwai gidajen shinkafa da miyar kori na halal a kewayen.

Zauren taron yana kan tudun da ake kira Mound, a cikin ginin New College, baƙin dutse mai hasumiya biyu. Da ka shiga farfajiyar za ka tarar da mutum-mutumin John Knox, jagoran gyaran addini na 1560, ya ɗaga hannu ɗaya sama, ɗaya yana riƙe da Littafi Mai Tsarki. A wannan zaure aka yi taron masu bishara na duniya a 1910, a nan kuma majalisar dokokin Sikotland ta zauna daga 1999 zuwa 2004. Baƙi suna hawa bene su zauna su yi kallo kyauta. Wakilai suna ƙasa, fastoci da dattawa daidai wa daida a yawa, da 'yan dikinoni kaɗan. Shugaban taro shekara ɗaya kacal yake yi, a wannan karo mace ce, Rabaran Rosie Frew. Wakilin Sarki yana zaune a wata kujera ta musamman a bayanta, amma ba shi da ƙuri'a, ba ya kuma sa baki a muhawara. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda suke nuna amincewa. Ba tafi ake yi ba, ƙafa ake bugawa a daɓen katako, sai ka ji zauren ya ɗauki rugugi. Idan magana ta yi tsauri sai a koma ƙuri'ar na'ura.

Wanda ya san tsarin majalisun cocin ECWA, daga ta ikkilisiya ɗaya (LCB) zuwa LCC da DCC har ta ƙoli (GCC), ba zai sha wahalar gane nasu ba. Nasu hawa uku ne. A ƙasa akwai majalisar dattawan ikkilisiya tare da fastonsu, a tsakiya majalisar gunduma, a sama Babban Taro. Babu bishop. Bambancin da ke da muhimmanci shi ne, a can ba a tura wa ikkilisiya fasto daga hedikwata. Ita ke neman wanda take so, ta saurari wa'azinsa, ta kaɗa ƙuri'a, ta kira shi, majalisar gunduma ta tabbatar. Ruwa ba ya tsami banza: a kan wannan haƙƙi ne cocin ya dare gida biyu a 1843, lokacin da fastoci kusan 450 suka fice ƙarƙashin Thomas Chalmers don ba su yarda masu gonaki su riƙa ɗora wa jama'a fasto ba. Duk wanda bai riƙe wannan tarihi ba, ba zai fahimci abin da ya faru daga 2009 ba.

A ƙarshen 2008 ne ikkilisiyar Queen's Cross da ke Aberdeen ta kira Rabaran Scott Rennie, wanda bai ɓoye cewa yana zaune da abokin zama namiji ba. A farkon 2009 majalisar gunduma ta amince da ƙuri'a 60 da 24, waɗanda ba su yarda ba suka ɗaukaka ƙara. Ranar 23 ga Mayun 2009 Babban Taro ya zauna a matsayin kotu, ya tabbatar da kiran da ƙuri'a 326 da 267. A lura, ba koyarwa aka yanke wa hukunci a ranar ba, tambayar ita ce ko majalisar gunduma ta bi ƙa'ida. Sai aka dakatar da irin wannan naɗi, aka kafa kwamiti, daga baya aka kafa wani na masana tauhidi. A 2013 wani tsohon shugaban taro, Albert Bogle, ya kawo shawarar tsaka-tsaki: coci ya ci gaba da riƙe tsohuwar koyarwarsa, amma a bar ikkilisiyar da ta ga dama ta kauce mata wajen kiran fasto. Taro ya karɓa.

Karɓar taro ɗaya ba ta mayar da magana doka a wannan coci. Suna da wata doka ta 1697, Barrier Act, wadda aka yi don hana gaggawa. Duk abin da zai taɓa koyarwa ko sujada ko tsarin mulki, sai an aika daftarinsa ga dukkan majalisun gunduma, kowace ta yi muhawara ta kaɗa ƙuri'a, ta maido da amsa kafin ƙarshen shekara. Idan mafi yawansu sun yarda, sai Babban Taro na gaba ya sake kaɗa tasa, kuma yana da ikon ya ƙi. Haka aka bi. Gundumomi 31 suka yarda, 14 suka ƙi, a 2015 taro ya zartar da ƙuri'a 309 da 182 cewa ana iya kiran faston da ke cikin yarjejeniyar zaman tare ta hukuma da ɗan jinsinsa. A 2016 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da wanda ya yi auren jinsi a gaban hukuma, 339 da 215. Kafin nan majalisar dokokin ƙasar ta riga ta halatta irin wannan aure a 2014, shekarar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 a kansa a Najeriya.

Mai masaukina ce ta fayyace mini yadda abin ke gudana a ƙasa, don ta zauna a irin wannan zama. Idan fasto ya tashi kujera ta zama babu kowa, faston riƙo zai kira dattawa ya gabatar musu da tambaya ɗaya: za mu kauce wa matsayin coci a wannan kira ko a'a. Yadda dokar 2015 ta tsara, sai an sanar da jama'a ranar zaman a Lahadi biyu kafin ranar. Ƙuri'ar farko ta gwaji ce. Idan mafi yawa sun ce a kauce, sai a sake sanarwa, a sake zama, a yi ta biyu wadda ita ce mai yanke hukunci. Idan aka rasa rinjaye a ɗaya daga cikin biyun, magana ta mutu a wannan karo. Hukuncin kuma na wannan kira ne kaɗai, idan kujera ta sake zama babu kowa sai a sake tambayar daga farko. Ta ce mini abin da ya fi ciwo shi ne, mutanen da suka yi shekara talatin suna raba Jibin Ubangiji tare, sai ga shi dole kowa ya nuna inda ya tsaya, alhali wataƙila babu ma wani mai neman kujerar da maganar ta shafa. A cikin dattawan akwai wanda ɗansa ko jikarsa ke cikin mutanen da ake magana a kansu, akwai kuma wanda ya tabbata a ransa cewa yarda saɓa wa Nassi ne. A ganina nan ne raunin wannan sulhu yake. Babban Taro ya kasa ɗaukar nauyin, sai ya sauke shi a kan dattawa goma ko goma sha biyar a ɗan ƙaramin ɗakin bayan majami'a.

Maganar fasto ya ɗaura auren jinsi da kansa ta ɗauki wasu shekaru shida. A 2017 kwamitin tauhidi ƙarƙashin Farfesa Iain Torrance ya kawo rahoto, taro kuma ya nemi gafarar masu neman jinsi ɗaya kan wariyar da coci ya nuna musu a tarihi. A 2018 aka umarci kwamitin shari'a ya rubuta daftari, 345 da 170. A 2021 aka aika wa gundumomi, 29 suka yarda, 12 suka ƙi. Ranar 23 ga Mayun 2022 aka zartar da ƙuri'a 274 da 136. Abin da ya jinkirta su ba tauhidi kaɗai ba ne, har da tsoron kotu. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta hana nuna bambanci, saboda haka sai da lauyoyin coci suka tabbatar cewa faston da ya ƙi ba za a kai shi ƙara a yi nasara ba.

Ga yadda dokar ta fito. Ba kowane fasto ne ke da izini ba. Wanda yake so sai ya rubuta wa ofishin babban magatakardan coci, shi kuma ya miƙa sunansa ga babban magatakardan rajistar aure na Sikotland. Wanda bai nema ba, ba shi da ikon ɗaurawa, ba kuma mai tilasta masa. Ba a tilasta wa kowa hannu a shirye-shiryen bikin. Ginin majami'a kuwa, faston wannan ikkilisiya ne kaɗai zai iya ba da shi, kuma sai in shi kansa yana da izinin. An kuma ɗora masa ya duba zaman lafiya da haɗin kan jama'arsa kafin ya amsa. Sauran matakai irin na kowane aure ne a ƙasar: ma'aurata su kai takardar sanarwa ofishin rajista aƙalla kwana 29 kafin ranar, su karɓi takardar ɗaurin aure, shaidu biyu masu shekara 16 ko fiye su sa hannu, a mayar da takardar cikin kwana uku.

A wajen shan shayi tsakanin zama da zama na saurari ɓangarorin biyu. Masu riƙe da tsohuwar koyarwa suna kawo Farawa 2:24, da maganar Yesu a Matiyu 19, da Romawa 1:26-27, da 1 Korantiyawa 6:9-10, suna kuma tunatar da cewa Shaidar Bangaskiya ta Westminster, wadda cocin ya karɓa a 1647, ta ce aure tsakanin namiji ɗaya ne da mace ɗaya. Ɗaya ɓangaren suna cewa ayoyin Bulus sun yi magana ne a kan lalata da cin zarafi na zamaninsa, ba a kan mutum biyu da suka yi alkawarin zama da aminci har mutuwa ba, kuma coci ya taɓa sake karatunsa: ya yarda a sake aurar da waɗanda aurensu ya mutu, ya naɗa mata dattawa daga 1966, fastoci daga 1968. Na farkon su amsa da cewa Nassi ya nuna mata masu shugabanci irin su Debora da Biriskilla, amma bai yabi wannan ba ko sau ɗaya. Babu wanda na ji ya ɗaga murya ko ya yi zagi. Dalili ɗaya a bayyane yake: mutanen da ake muhawara a kansu suna cikin zauren, wasu ma da farin abin wuya na fastoci. A gida muna yin wannan magana kamar waɗanda ta shafa suna wata duniya, shi ya sa bakinmu ke saurin kaiwa ga tsinuwa, wani lokaci har hannu ya kai ga duka a titi. Ko mene ne matsayin mutum a kan koyarwar, wannan ba shi da mazauni a cikin bishara.

Ranar Lahadi na taka zuwa majami'ar St Giles a kan titin Royal Mile, inda John Knox ya yi wa'azi. Babban fastonta tun daga 2025 shi ne Scott Rennie ɗin nan da shari'arsa ta buɗe muhawarar. 'Yan mintuna kaɗan daga nan, kusa da hanyar hawa fadar dutse, akwai majami'ar St Columba ta Free Church, zuriyar waɗanda suka fice a 1843 suka ƙi komawa. Su ba su sauya komai ba a kan aure, kuma wasu daga cikin fastocin da suka bar babban cocin wajensu suka koma.

Daga tashar Waverley jirgin ƙasa ya kai ni Gilasgo cikin minti hamsin. A tsakiyar titin kasuwa na Buchanan akwai majami'ar St George's Tron, a dandalin da aka sa wa sunan Nelson Mandela. Ikkilisiyar nan, ƙarƙashin Rabaran William Philip, ta fice daga Cocin Sikotland a watan Yunin 2012 saboda wannan batu. A nan ne na ga abin da ficewa ke ci. Takardun mallakar yawancin gine-ginen cocin suna hannun amintattu na ƙasa ne, ba hannun jama'ar da ke sujada a ciki ba. Mutanen Tron sun kashe kuɗi mai yawa wajen gyara ginin ba da daɗewa ba kafin rikicin, amma a watan Disambar 2012 suka fita suka bar shi, suka koma wani zaure a titin Bath. Faston da ya fice yana barin albashi da gidan fasto a lokaci guda. Yau ginin yana hannun Cocin Sikotland, an buɗe wurin shan shayi a ciki, na sha miya da burodi a nan a ƙasa da fam 10. Ikkilisiyar da ta fita kuma tana nan da ƙarfinta, har ta buɗe rassa a birnin. Wasu masu ra'ayi irin nasu ba su fita ba, suka kafa ƙungiyar Covenant Fellowship Scotland a 2014 don su ci gaba da faɗin matsayinsu daga ciki.

Tsagewar ba ta tsaya a Sikotland ba. A 2018 Cocin Firesbiteriyan na Ailan ya daina gayyatar shugaban taron Sikotland zuwa nasa taron, ya kuma daina aika nasa. A Amurka cocin Firesbiteriyan na PC(USA) ya buɗe wa masu neman jinsi ɗaya ƙofar naɗi a 2011 da ta aure a 2015, kuma a 2011 ɗin ne Cocin Firesbiteriyan na Gana ya yanke shawarar raba gari da abokan hulɗar da ke yin irin wannan naɗi.

Tafiyar Aberdeen ta fi kowace kyau, awa biyu da rabi a jirgin ƙasa daga Edinbara, ta kan jar gadar Forth da aka buɗe a 1890, sannan gadar Tay zuwa Dundee, garin da Mary Slessor ta yi aikin masaƙa tana yarinya. Aberdeen birni ne na dutse mai ruwan toka, iskar tekun arewa na kaɗawa ba ƙaƙƙautawa. A kan titin Union akwai ikkilisiyar Gilcomston, wadda ta fice a 2013, tafiya kaɗan zuwa yamma kuma ga Queen's Cross inda komai ya fara. Yanzu an haɗe ta da wasu ikkilisiyoyin maƙwabta ƙarƙashin sabon suna.

Wannan haɗewa ita ce ainihin abin da ya cika bakin wakilai a taron da na halarta: kuɗi, rufe gine-gine, ƙarancin fastoci. Cocin da ke da mambobi kusan miliyan 1.3 a shekarun 1950 yanzu bai kai 300,000 ba. A ƙidayar 2022 kashi 20.4 cikin ɗari ne suka ce su 'yan wannan coci ne, daga 32.4 a 2011, kashi 51.1 kuma suka ce ba su da addini. Masu adawa da sauyin suna cewa ga sakamakon, masu goyon baya suna cewa jinkirin coci ne ya kori matasa. Lissafin bai ba kowa gaskiya ba, don raguwar ta fara ne shekara hamsin kafin shari'ar 2009. Amma tana da tasiri kai tsaye a kan sulhun da aka yi. An gina shi a kan cewa kowace ikkilisiya za ta bi lamirinta, to idan aka haɗe ikkilisiya biyu ko uku masu matsayi daban a ƙarƙashin fasto ɗaya da majalisar dattawa ɗaya, dole wani ɓangare ya sha kaye a ƙuri'a. A birni wanda ya sha kaye zai hau bas ya koma wata majami'a. A ƙauyukan tsaunuka da tsibirai, inda majami'a ta gaba ke da nisan mil ashirin, sai dai ya haƙura ya zauna ko ya daina zuwa sujada.

Daga Aberdeen na hau jirgin sama zuwa Heathrow, na kama na dare zuwa Abuja, muka sauka da asuba. Takardun kuɗin bankunan Sikotland da suka rage a aljihu a canza su ko a kashe su kafin a baro ƙasar, don 'yan canji a gida na Bankin Ingila suka sani.